Na ninka ƙarfe sau shida, me ya sa zane bai fito ba?

Ɗan'uwa, ka ce ka ninka sifirin mota sau shida, ka wasa, amma babu zane irin na takobin Japan.

Matsalar daga ƙarfen take. Maƙeran Japan da tamahagane suke aiki, ƙarfen da ake narkarwa daga yashin tama da gawayi, wani wuri tauri wani wuri laushi. Ninkin don gyara shi ne, zanen da suke kira hada biyo baya ya yi. Sifirin kuwa jikinsa ɗaya ne, me zai nuna?

In zane kake so, ka jera ƙarfe iri biyu, wanda ake kira 1084 da wanda ake kira 15N20, ka ninka, ka goge, ka tsoma a ruwan ferik kulorayid, sinadarin da ke cin fuskar ƙarfe ya fito da zane. Na biyun zai fito fari saboda sinadarin nikel da ke cikinsa. Sau shidan ma ya isa. Su Japanawa kan kai ninki 15, shimfiɗa 32,768 ke nan, amma kowane ninki yana cin kabon, sinadarin da ke ba ƙarfe tauri.

Inda aka fi faɗuwa wajen haɗin ne, wato manne shimfiɗun da wuta da bugu. Ka kankare ɓawon da wuta ke bari a kan ƙarfen tas, ka barbaɗa boras, hodar da ke hana ɓawon ɓata haɗi, ka fara da bugu a hankali. Na taɓa gaggawa, wuƙar ta dare gida biyu a kan uwar maƙera.

Gane zafin haɗi da ido kuwa, sai ka tsaya kusa da tsohon maƙeri.