'Yata ta daina cin nama, ga kuma ciki wata biyar

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce, a Kano nake. 'Yata ta fari tana aure a Ingila, can ta yi karatu, can auren ya same ta. Shekara huɗu ke nan rabonta da nama. Da farko na ɗauka yayi ne na yara, zai wuce. Ashe ba nama kaɗai ba ne, har kifi da ƙwai da madara da man shanu, kai har zuma. Wai ita bigan ce, duk abin da ya fito daga jikin dabba ba ta ci. Ba ta ce haramun ba ne, tausayin dabbobi take ji. Da ta zo Babbar Sallah, ana suya gida ya ɗauki ƙamshi, ita tana gefe da farantin awara da kwaɗon zogale, 'yan uwa sai kallona suke yi.

Yanzu Allah ya ba ta cikin fari, wata biyar, kuma ta ce jaririn ma haka za ta rene shi. Ni haihuwa bakwai na yi, kowane jego da kauri da farfesun kaza da kunun kanwa na tashi. Duk wayar da muka yi sai mun rabu baram-baram. Zan je mata wankan jego, ƙanwata ta ce in riƙa zuba mata romon nama a miya ba ta sani ba, kuma zuciyata ta fara karkata. Ina tsoron kada ta nakasa mini jika. Yaya zan yi?

Mai jiran jika, Kano

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raba lafiya.

Shawarar romo a ɓoye, a ajiye ta. Harshen da ya shekara huɗu bai taɓa nama ba, a cokalin farko zai gane. Ranar da ta gane kuwa ta daina cin girkinki ke nan, a daidai lokacin da ta fi buƙatarsa. Kuma romon ba zai toshe ramin da ya kamata ki ji wa tsoro ba.

Tsoronki yana da tushe, sai dai ba a kan tsokar nama ya kamata ki ɗora shi ba. Abin gina jiki tana samunsa a wake da awara da gyaɗa da riɗi, in dai tana ci da yawa tana kuma sassauyawa. Inda gizo ke saƙar shi ne bitamin B12. Wannan babu shi a zogale, babu a wake, babu a gero. Daga nama, kifi, ƙwai da madara ake samunsa, ko daga ƙwayar magani, ko abincin da aka ƙara masa shi a masana'anta. Jiki yana buƙatarsa wajen yin jini da gina ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Abin da ake so mai ciki ta samu bai kai maikrogram 3 a rana ba, ɗan mitsitsi, amma rashinsa babbar ɓarna ce. Yana da yaudara kuma: hantar babba tana adana shi na shekaru, don haka uwa za ta iya ganin kanta garau alhali nononta ya yi ƙarancinsa. Sai jariri ya kai wata huɗu zuwa goma a ga ya yi laƙwas, ba ya son tsotso, ba ya ƙara nauyi, zaman da ya fara koya ya manta. Idan aka makara, wata illar ba ta gyaruwa.

Masana kansu ba su zama baki ɗaya ba. A 2016 ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta ce irin wannan cima, in an tsara ta da kyau, ta dace har da mai ciki da jariri. A shekarar dai takwararta ta Jamus ta ce ba ta ba masu ciki da masu shayarwa shawarar bin ta ba. Amma dukansu sun haɗu a kan cewa samun ƙarin B12 dole ne. Ni da za a tambaye ni, da na so ta sassauta ta ci ƙwai ta sha madara har ta yaye. To amma ba yarinya ba ce, kuma takura ba ta sa ku komai ba sai kashe waya.

Saboda haka a waya ta gaba kada ki ambaci nama. Ki ce: “Ungozomar da kike zuwa awo wurinta ta san abin da kike ci? An auna jininki? Kina shan B12 kullum?” Ki tambayi maganin ƙarin jini da folik asid da aidin (sinadarin da ke hana maƙoƙo), da bitamin D, wanda a Ingila ake ce wa masu ciki su sha maikrogram 10 a rana saboda ƙarancin rana. Idan ta amsa dalla-dalla, ki kwantar da hankalinki, ta san abin da take yi. Idan ta ce ai abincin Allah ya wadatar, ba ta shan komai, nan ne za ki tsaya tsayin daka, ki sa mijinta ya raka ta wurin likita a satin.

A kan jaririn, abu ɗaya ne babu sasanci: nonon uwa zalla wata shida, ita kuma ta ci gaba da shan ƙwayarta. Idan nono bai wadata ba, madarar gwangwani ta jarirai ce mafita, ta waken suya ma sai da izinin likita. Madarar shinkafa ko ta almon da ake sayarwa a kwali, da madarar waken suya ta gida, ba abincin jariri ba ne. A 2017 wata kotu a Beljiyam ta samu wasu iyaye da laifi bayan ɗansu mai wata bakwai ya rasu da nauyin kilo 4 da 'yan kai, saboda irin waɗannan madarar suka riƙa ɗura masa. Bayan wata shida a fara kunun gyaɗa mai laushi, da dakakken wake, da awara, da ɗan mai, tare da ɗigon bitamin da likita zai rubuta. Ki riƙa leƙa jan littafin nan da ake rubuta nauyin jarirai a can, shi zai gaya miki gaskiya fiye da idon kaka.

Kunun kanwar nan ma, Hajiya, a yi hattara. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shansa da ciwon zuciyar masu jego. Kunun gyaɗa ya fi mata.

Ki cika akwati da kuka da daddawa da busasshen zogale da riɗi. Ki yi mata ɗanwake da alale da faten wake, ta bi da lemo don jiki ya fi ɗaukar sinadarin ƙara jini, shayi kuma ta jinkirta shi sai abinci ya faɗa. Kilishi da dambun nama kuwa ki bar su a Kano, dokar Ingila ba ta yarda matafiyi ya shiga da nama daga Najeriya ba, a filin jirgi za a karɓe.

Anti