Lambobin da ke ƙirjin Aleksei Smirnov na gaske ne ko kayan fim ne?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ga hoton wani ɗan wasan barkwanci na Rasha na zamanin da, wani ƙato mai faffaɗar fuska, sunansa Aleksei Smirnov, an jera lambobin yabo na soja kusa da hotonsa ana cewa wai jarumi ne a yaƙin duniya na biyu. Don Allah da gaske ne ya yi yaƙi, ko dai irin kayan da ake saka ma 'yan fim ne?

Amsa: Yawwa ɗan'uwa, lambobin nan na gaske ne, babu ko ɗaya da aka ɗauko daga ɗakin kayan fim, kuma ba kai kaɗai ka yi mamaki ba, 'yan ƙasarsu ma da yawa sun shekara suna dariyar wasansa ba su san mutumin ya ga wuta da idonsa ba, don shi ba ya zancen.

An haifi Aleksei Makarovich Smirnov ran 28 ga Fabrairu 1920 a wani ƙaramin gari da ake kira Danilov a yankin Yaroslavl, daga baya suka koma Leningrad, wato St. Petersburg ta yanzu, can ya tashi. A 1940 ya gama koyon wasa a makarantar gidan wasan barkwanci da waƙe-waƙe na birnin, bai ma fara cin moriyar abin ba aka ɗauke shi soja a shekarar, sai ga Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet a watan Yunin 1941. A runduna ta 169 ta masu harba bindigar da ake kira mortar ya yi aiki, irin gajerun bindigogin nan masu cilla bom sama ya faɗo bayan tudu ko cikin ramin abokan gaba, har ya kai ga shugabantar rukunin masu harbi. Aikin na kusa da bakin daga ne, ba na ofis ba, ana saɓa ƙarfen a kafaɗa a bi sojan ƙasa duk inda suka nufa, cikin taɓo da ƙanƙara.

To ga inda nake so ka tsaya ka lura. Cikin lambobinsa akwai Jan Tauraro, da lambar Jarumtaka, da ta cancanta a fagen fama, amma wadda ta fi nauyi ita ce lambar Ɗaukaka, Slava da Rashanci, kuma yana da mataki na uku da na biyu. An ƙirƙiro ta ne a Nuwamban 1943 don ƙananan sojoji da sajan-sajan, janar duk girmansa ba ya samunta, kuma ba a bayar da ita don daɗewa a aiki ko don kana da uwa a gindin murhu, sai an rubuta takamaiman abin da ka yi da hannunka, a wane wuri, a wace rana. Matakai uku ne ana hawa daga na uku zuwa na ɗaya, shi saura ɗaya ya cika. A takardar da aka rubuta masa ta watan Yulin 1944 an ce Jamusawa sun farmaki inda bindigoginsu suke, shi kuma ya tashi da bindigar hannu ya ja 'yan'uwansa suka maida harin, ya kama mutum 7 da kansa. Mataki na biyun kuma ya same shi ne a faɗan farkon 1945 lokacin da sojan Sobiyet ke kutsawa ta Poland zuwa kogin Oder. Berlin dai bai kai ba, bom ya tashi kusa da shi ya girgiza masa kai sosai, aka kwantar da shi asibiti, daga nan aka sallame shi.

Da ya dawo ya koma sana'arsa, shi da mahaifiyarsa a gidan haɗaka irin wanda iyalai da yawa ke raba kicin ɗaya, bai taɓa aure ba har ya mutu, masu rubuta tarihinsa suna danganta hakan da raunin da ya samo a yaƙi. Fim kuma sai ya kalli jikinsa kawai, ƙato, mai kumatu, to kai ne ɗan iska, kai ne mashayi, kai ne wawan gari. A fim ɗin Leonid Gaidai na 1965 da aka fi sani da Operation Y shi ne Fedya, ɗan tashan da aka yanke wa kwana 15 aka tura shi aikin gini tare da wani siririn ɗalibi, akwai wurin da aka jera masa abinci kala-kala yana narka hankali kwance ɗan sanda na tsaye a kansa, shi ko ɗalibin da ke aikin na gaske daga madara sai ɗan burodi, a ƙarshe yaron ya naɗe shi cikin takardar bango ya zane shi da tsumagiya. Duk ƙasar ta haddace maganganunsa. Ni kam abin yana min ciwo, mutum mai lambar Ɗaukaka biyu a ce shekara da shekaru ba a ga komai a jikinsa ba sai tumbi.

Wanda ya gane shi shi ne abokinsa Leonid Bykov, ɗan wasa kuma mai shirya fim. A fim ɗinsa na 1973 kan matuƙan jiragen yaƙi, wanda sunansa ke nufin tsofaffin hannu kaɗai ke fita yaƙi, ya ba shi matsayin Makarych, makaniken jirgi, dattijo mai kula da yaran kamar shi ya haife su, in sun tashi ya bi jirgin da ido yana yi musu alamar gicciye a ɓoye, a ƙasar da gwamnati ba ta son addini. Nan za ka ga wani Smirnov daban, ba hayaniya ba zare ido, fuskar wanda ya san yadda ake jiran mutum ya ƙi dawowa. A 1976 aka ba shi lambar girmamawa ta ɗan wasan da ya cancanta a Jamhuriyar Rasha.

Bykov ya rasu a haɗarin mota ran 11 ga Afrilu 1979, a lokacin Smirnov na kwance asibiti da ciwon zuciya, shi ma ran 7 ga Mayu 1979 ya bi shi, yana da shekara 59, kwana biyu kafin bikin ranar nasara da suke yi duk 9 ga Mayu. A maƙabartar kudancin Leningrad aka binne shi.

Kuma ba shi kaɗai ba ne a tsararsu, Yuri Nikulin da ya fi kowa suna a barkwanci ya yi soja daga 1939 zuwa 1946 a rukunin masu kakkaɓo jirage, Anatoly Papanov ya dawo da rauni a ƙafa, shi kansa Gaidai nakiya ya taka. In za ka nemi fina-finan Smirnov shawarata ka fara da na 1973 ɗin, baƙi da fari ne amma kar wannan ya hana ka, daga baya ka kalli na Fedya.