Verstappen ya ci kambu, Red Bull ta zo ta uku

Ɗan'uwa na Samaru, kana tambayar yadda Verstappen ya ɗauki kambun tseren motoci na Formula 1 na 2024 amma kamfaninsa Red Bull ta ƙare ta uku. Kambun biyu ne. Na direba makinsa kaɗai ake ƙirgawa, na kamfani kuwa sai an haɗa na motoci biyun. Verstappen ya tara 437, Perez, ɗayan direban Red Bull, 152 kacal, jimla 589. Norris da Piastri suka haɗa wa kamfaninsu McLaren 666, ta ɗauki kambun kamfani.

A 2024, matsalar Perez tun ranar neman gurbi take farawa, wato ranar da ake tantance inda kowace mota za ta tashi a tseren. Wanda ya tashi daga baya yakan maƙale a cunkoso kamar Kwangila da yamma, tayoyinsa na cinyewa a banza. Na ɗaya maki 25 yake samu, na goma maki ɗaya, na sha ɗaya kuwa ko oho.