Kisan Janar Murtala: Ran Juma'a Muka Ji Ko Ran Asabar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina aji uku na firamare a Funtuwa lokacin da aka kashe Janar Murtala. Abin da na riƙe shi ne, muna cikin darasi hedimasta ya leƙo ya yi wa malaminmu raɗa, ba a jima ba aka kaɗa ƙararrawa aka ce kowa ya wuce gida, kada ya tsaya a hanya. Na tarar da mahaifina da maƙwabta sun kewaye rediyo a zaure, babu abin da ke tashi sai kiɗan soja, kuma ranar ce na fara ganin hawaye a idon babban mutum. Amma yayata ta dage cewa ba ranar aka yi kukan ba, sai washegari. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Kuma me ya sa aka yi wa wanda bai shekara a kan mulki ba irin wannan kuka?

Mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina kowannenku ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, sai dai yayarka ta fi ka kusa da yadda abin ya gudana, wataƙila saboda ta girme ka.

An harbe Janar Murtala Ramat Muhammed da safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976, a unguwar Ikoyi ta Legas, yana cikin baƙar marsandi a kan hanyarsa ta zuwa ofis a barikin Dodan, ba tare da jerin gwanon masu tsaro ba, domin haka ya saba fita. Tare da shi aka kashe dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa, da direbansa. Daga nan Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya shiga gidan rediyo ya ba da sanarwar cewa matasan sojoji sun kifar da gwamnati, ya kuma sa dokar hana fita. Abin lura shi ne, a cikin jawabin nasa bai fito fili ya ce an kashe shugaban ƙasa ba. Saboda haka abin da ya iso Arewa a wannan safiya labarin juyin mulki ne, wanda shi ya sa aka sallame ku daga makaranta, shi ya kuma tara dattawa a zaurenku. Maganar mutuwa kuwa ta wuni tana yawo a matsayin jita-jita, wani ya ce an kama shi, wani ya ce ya tsira, har sojojin gwamnati suka ƙwace gidan rediyon, Dimka ya sulale. Sai ran Asabar Janar Olusegun Obasanjo ya yi wa ƙasa jawabi a matsayin sabon shugaba, aka kai gawar Kano aka yi jana'iza.

To, ƙwaƙwalwar yaro ɗan shekara takwas ko tara ba ta lissafa kwanaki, abin da ya girgiza ta take tarawa wuri guda. Mai yiwuwa ƙararrawar da kiɗan sojan na Juma'a ne, hawayen mahaifinka kuma na Asabar, shekaru suka haɗe maka su suka zama yini ɗaya.

Game da yawan kukan, akwai dalilin da ku yara ba za ku iya gani ba a lokacin. Iyayenku sun shaida 15 ga Janairu 1966, ranar da aka kashe Sardauna a Kaduna aka kuma tafi da Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas, sun kuma ga yadda abin ya ja har zuwa yaƙin basasar da bai ƙare ba sai 1970. Duk wanda ya ji kiɗan soja a rediyo bayan shekara goma kacal, ba makokin mutum ɗaya kaɗai yake yi ba, yana tsoron kada a koma gidan jiya.

Sannan ga shi kansa Murtala, ɗan Kano mai shekara 37, wanda ya karɓi mulki a ƙarshen Yulin 1975 ya yi ta aiki kamar ana korarsa. Kwana goma kafin rasuwarsa ya mayar da jihohi 12 zuwa 19, ya kuma tsai da shawarar ɗauke babban birnin tarayya daga Legas zuwa Abuja, bayan tun farko ya yi alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1979. Talaka ya ga ma'aikaci yana sammakon zuwa ofis don tsoro, abin ya yi masa daɗi. Ni dai ina ganin gajartar mulkin ma ta taimaki sunansa, domin ya tafi tun jama'a ba su kai ga gajiya da shi ba.

Ba kowane gida ne ya yi irin kukan gidanku ba. Tankaɗe da rairayar da ya yi ta raba ma'aikata fiye da 10,000 da aikinsu, da yawansu ba tare da an saurari bahasinsu ba, kuma har yau akwai masana da ke ɗora wa wannan kora alhakin raunin da aikin gwamnati ya yi daga baya. Idan ka tambayi 'ya'yan waɗannan mutane, waɗanda sa'o'inka ne, abin da suka tarar a zaurukan gidajensu a wannan Asabar, za ka ji labarin da ya sha bamban da naka da na yayarka.