Ku Tambaya Mu Amsa: Alƙali Desiato da zangon ƙarshe na Your Honor

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan fim ɗin nan ne mai dogon zango na Amurka, Your Honor. Wanda bai kalla ba kuma baya so a tona masa ƙarshen labari gara ya wuce shafi na gaba, don zamu faɗi komai.

TAMBAYA: Don Allah akwai zango na uku ne? Na gama na biyu naji kamar an yanke min abu a tsakiya. (Wata mai karatu daga Kaduna)

AMSA: 'Yar uwa sai haƙuri, babu. Tashar Showtime ta fara haska shi a watan Disamba 2020, kuma tun farko kashi 10 aka tsara a rufe, sai da mutane suka karɓe shi hannu bibbiyu aka ƙaro zango na biyu, shima kashi 10, daga Janairu zuwa Maris 2023. Bryan Cranston, wanda ya fito a alƙali Michael Desiato, tun 2022 ya faɗa a wata hira cewa na biyun shine na ƙarshe. Abinda ya sake tado maganar shine shigarsa Netflix a Amurka a 2024, sabbin 'yan kallo suka yi ca a kai suna neman ƙari. Asalin labarin ma daga wani fim ɗin Isra'ila aka ɗauko mai suna Kvodo.

TAMBAYA: Ni gaskiya na biyun bai min ba. An ce fim ɗin kotu ne amma sai rigimar 'yan daba da 'yan mafiya, alƙalin ma ya koma kamar mahaukaci da uban gemu. Ko ni kaɗai ce haka? (Wata malamar makaranta daga Zariya)

AMSA: Malama ba ke kaɗai bace, kuma kina da gaskiya a wani ɓangaren. Tsakiyar zangon yaja da yawa, rikicin shugaban 'yan mafiya Jimmy Baxter da matarsa Gina da surukinsa Carmine, ga Big Mo shugabar 'yan daba da cinikin ƙwayarta da gidan rawar da take son mallaka, wallahi da an rage rabin wannan ba abinda zai ragu a labarin.

Amma maganar gemu da rashin kotu ban bi ki ba. Tuna inda aka baro alƙalin a zango na farko. Ɗansa Adam ya buge Rocco, ɗan Jimmy Baxter, da mota yana kan babur ya kashe shi ya gudu, uban ya ɗauke shi zuwa wajen 'yan sanda a New Orleans da niyyar su faɗi gaskiya, yana hango ko ɗan waye aka kashe ya juyo da baya. Daga nan ƙarya ta dinga haihuwar ƙarya, aka kama wani matashi Kofi Jones da motar alhali yaron bai san hawa ba bai san sauka ba, Carlo Baxter yayan Rocco ya kashe shi a gidan yari, aka tashi gidan su Kofi da uwarsa da ƙannensa a ciki, sannan alƙalin nan da kansa ya zauna kan kujera ya murɗe shari'ar Carlo har aka wanke shi, ƙarshe Eugene ƙanin Kofi ya ɗauko bindiga ya auna Carlo harsashin ya samu Adam a wuya, wato ɗan da aka yi duk wannan ɓarnar dominsa ya mutu a hannun ubansa. To mutumin da wannan ya faɗa wa ta yaya zai dawo fes da rigar alƙalanci? Shiyasa aka buɗe zangon yana kurkuku yaƙi cin abinci sai ɗura ake masa, da mai gabatar da ƙara Olivia Delmont ta fito dashi don ya shiga jikin gidan Baxter ma wurin mahauci ya samu aiki.

Kuma kotun ta dawo ai, a lokacin da ya dace. Shari'ar Eugene ce ta rufe fim ɗin, lauya Lee Delamere na kare shi, Desiato kuma a akwatin shaida, ya rantse ya faɗi wanda ya buge Rocco da bakinsa a gaban Fia, 'yar Jimmy Baxter kuma uwar jikansa. Ni a wajena wannan zaman shine mafi nauyi a duk kashi 20 ɗin.

TAMBAYA: Wasan nan da fursunoni ke zama a tebur a sako musu bijimi, da gaske ana yi ko shirin fim ne? (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

AMSA: Da gaske ne ɗan uwa. A jihar Louisiana akwai babban gidan yari da ake kira Angola, duk Lahadin watan Oktoba suna wasan dawaki da shanu, mutanen gari su sayi tikiti su cika wurin. A ciki akwai wanda fursunoni huɗu ke zama da katin karta a hannu a saki bijimin, wanda ya rage a zaune shi keda kuɗin. Hukuma na cewa ba a tilasta kowa, amma mutumin da ke tsare ba shi da ko sisi in ka nuna masa kuɗi kace zaɓinsa ne, abin bai kwanta min ba sam.

TAMBAYA: Ni fa ban ga laifin alƙalin ba. Duk uban kirki haka zai yi. In ɗanka ne zaka miƙa shi a kashe? (Wani magidanci daga Kano)

AMSA: Alhaji na fahimce ka, kuma ba zan ce tsoronsa na banza bane, Baxter da ya san Adam ne ba zai bari ya kai ranar shari'a ba. Juyowar da yayi a ofishin 'yan sanda ko wane uba zai ji ta a ƙirjinsa. Inda na rabu da kai shine bayan nan. Ranar da ya ga an sa Kofi a ankwa kan laifin da ya san ɗansa ne ya aikata, a ranar ya kamata ya buɗe baki, yana da matsayi yana da lauyoyi yana da aboki ɗan siyasa irin Charlie, zai iya nema wa ɗansa kariya ta hanyar hukuma. Uwar Kofi fa, wa take dashi? Itama uwa ce, nata ɗan ma ɗa ne, kuma a kotun Desiato ɗin ta taɓa tsayawa ya sake ta saboda ya gano ɗan sanda ƙarya yake mata, ka ga mutum ne da ya san daidai sarai. Fim ɗin ya nuna ƙarara cewa in babba zai rufa wa kansa asiri talaka baƙar fata na unguwar marasa galihu ake shimfiɗawa, kuma mutane da yawa suna gama kallo suna tausayin Adam sun manta iyali guda aka shafe. Abinda yasa nake kare zango na biyu kenan duk da jan da yayi, ya dawo da Eugene tsakiyar labarin, yaron ya fita da ransa gwamnatin tarayya ta ba shi kariyar shaida, alƙalin kuma ya koma kurkuku.

TAMBAYA: Wai Jimmy ya mutu ne? Kuma zan iya kallo da yara? (Wata uwargida daga Kumasi)

AMSA: Carmine ya harbe shi amma a gadon asibiti aka barshi, ba a nuna gawarsa ba. Yara kam a'a Hajiya, akwai jini da ashar da ƙwaya tun daga kashi na farko, ki bari sai sun kwanta. Masu tambaya a kan Fia da jaririn da ta bayar riƙo ku dakace mu mako mai zuwa in Allah ya kaimu.