Nishin bakwaini ba majina ba ce

TAMBAYA: Likita, ni ɗalibar ungozoma ce. Yayata ta haihu a mako na 31, jaririn yana ta nishi, haƙarƙarinsa na shiga ciki. An sa masa CPAP, na'urar da ke tura masa iska ta hanci, an ce wataƙila a ba shi safaktan, maganin da ake zubawa cikin huhu, ga tsada. Surukarta ta ce majina ce ta toshe shi, a kai shi gida a tsotse a shafa man zafi. A aji an ambaci Mary Ellen Avery. Wace ce ita, kuma maganin nan gaskiya ne ko cin kuɗi? Hankalina ya tashi.

AMSA: Ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Kada a fitar da yaron nan daga asibiti.

Avery Ba'amurkiya ce, an haife ta a 1927, ta gama likitanci a Johns Hopkins a 1952. Tarin fuka ya kwantar da ita jim kaɗan bayan nan, daga nan hankalinta ya koma kan huhu. A lokacin likitoci da yawa na zaton wani abu ne ke toshe huhun bakwaini. A 1959, ita da Jere Mead a Harvard suka gwada huhun jariran da cutar ta kashe da na waɗanda wani abu daban ya kashe, suka nuna cewa na farkon ba su da safaktan, sinadarin da huhu ke yi da kansa don hana ƙananan jakunkunan iska mannewa. Wato rashi ne, ba toshewa ba. Shekara huɗu bayan haka cutar ta kashe Patrick, ɗan Shugaba Kennedy, bai cika kwana biyu ba, don an san dalili amma babu magani tukuna. Sai a 1980 Tetsuro Fujiwara na Japan ya ba jarirai 10 safaktan na huhun saniya, aka ga aikinsa.

A 1974 ta zama mace ta farko da ta shugabanci likitocin Asibitin Yara na Boston. A 1991 ta karɓi lambar yabo ta ƙasa kan kimiyya daga Shugaba Bush, a 2005 kuma lambar John Howland ta likitocin yara. Ta rasu a 2011. To, maganin ba na 'yan cuwa-cuwa ba ne. Tsadarsa dai abin takaici ce.

Sai zancen majina, wanda ba a wayi gari ban ji shi ba. Nishin nan dabara ce ta jaririn: yana ɗan tsuke maƙogwaro lokacin fitar da numfashi don iska ta rage a huhu, kada ƙananan jakunkunan su manne. Aikin da CPAP ke ɗauke masa ke nan. Me za a tsotso? Babu komai a ciki. Mai tsotsar hanci da baki ƙwayoyin cuta kawai take zuba masa. Man zafi kuma, mai kafur ko mantoleta, fatar bakwaini tana shanye shi, yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jini a yaro mai ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare ƙwayoyin, ciwon shawara ya hau kai. Sai a ƙara da hayaƙin turare da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, sai ɗura. Yaron da ke numfashi fiye da sau 60 a minti, ki ɗura masa jiƙo, ina kike zato zai bi in ba huhu ba?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne idan nishin ya tsaya, sai a yi hamdala a ce maganin gida ya ci. Sau da yawa gajiya ya yi. Sai a kawo mana shi da asuba jiki ya yi sanyi, leɓe ya yi shuɗi, a ce asibiti ya yi wani abu. Mai kemis ɗin da ya sayar da maganin tari na ruwa don jaririn kwana ɗaya kuwa yana shagonsa, ba mai tambayarsa.

Surukar ba mugunta take yi ba, jikanta take so. Ki kai ta ɗakin jarirai ta ga kwalbar CPAP tana tafasa da kumfa, ki faɗa mata yawancin irinsu kan fara samun sauƙi bayan kwana biyu zuwa uku, lokacin da huhunsu ya fara yin nasa safaktan. Yayarki ta riƙa tatsar nono ana ba shi ta bututu, ba ta baki ba. Mijinta kuma ya zauna da likitan yau ɗin nan, ya tambayi yawan iskar oksijin da yaron ke buƙata, don da ita ake yanke shawarar safaktan, kuma ya fi amfani idan an ba shi da wuri.