Amsa ga mai tambaya kan gyaran motar tsere tsakanin gasa da gasa

Wa'alaikumus salam. Malam, ka ce ku huɗu kuka haɗa kuɗi kuka sayi tsohuwar BMW E36, kun kammala gasarku ta farko ta 24 Hours of Lemons lami lafiya, kana kuma tambaya ko juyen baƙin mai da sauya taya sun wadatar kafin gasa ta gaba, tunda motar ba ta nuna wani ciwo ba. Ba su wadatar ba. Ni ma irin wannan motar muke tsere da ita a nan Amurka, kuma abin da ya fi cin mu shi ne kayan da muka ga suna aiki muka ƙyale su.

Saboda 'yan'uwa da ke gida, wannan gasa ce ta masu sha'awa da aka fara a Kalifoniya a 2006, kuma sharaɗinta shi ne kada darajar mota ta wuce dala 500, ban da kayan kariya irin su birki da taya da kejin ƙarfen da ke tsare direba. Galibi ana raba tseren kwana biyu, awa goma sha huɗu ko fiye, inji yana ihu tun safe har yamma. Motar da ta sha wannan wahala ta tsufa a cikin kwana biyu fiye da yadda za ta tsufa a shekara guda ta zuwa ofis.

Ku ɗora ta a kan jak cikin makon da kuka dawo, tun direbobi ba su manta abin da suka ji ba. Kowa ya faɗi nasa a rubuta a littafi guda, ko karkarwar sitiyari ce ko giya ta uku da ke gardama, sannan a rubuta awoyin da kowane abu ya yi yana aiki. Mu da awa muke sauya kaya, ba ma jiran su lalace.

Boris ɗin ƙafafun gaba ne ya koya mana haka. Na taɓa kama tayar hagu, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, na girgiza, na ji ɗan motsi da bai kai kaurin farce ba, na ce zai kai mu gasa ɗaya. Bai kai ba. Ana cikin awa ta biyar direbanmu ya shigo yana cewa birki yana nitsewa bayan kowace kwana, ashe faifan birkin ne ke rawa yana tura takalman birkin su ja da baya. Awa biyu muka yi a durƙushe kan kwalta, ƙarfe na ƙona safar hannu, a kan aikin da ba ya kai mu awa guda a gareji.

Man birki kuwa a juye shi gaba ɗaya kafin kowace gasa, domin yana shan danshi. Mafi ƙarancin zafin da sabon man birki nau'in DOT 4 ke tafasa a kansa shi ne digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa yana iya sauka zuwa 155, kuma da zarar ya tafasa ƙafarka za ta kai ƙasa mota ba ta tsaya ba. Ku duba faifan ma: tsagewar da ta kai bakinsa ta gama da shi.

Raunin E36 sananne ne, wato kayan sanyaya inji na roba. Wuyan lagireto da tankin rarar ruwa suna gasuwa har su fashe, wasu famfunan ruwan ma fukafukinsu na roba ne, don haka ku sa famfo mai fukafukan ƙarfe, ku sabunta kowane tiyo. Ku tuna kuma cewa ba a yarda da ruwan hana daskarewa a filin tsere ba saboda santsinsa idan ya zube, ruwa zalla ake zubawa. Idan hunturu zai riske ku kafin wata gasar, ku tsiyaye shi tas, domin ƙanƙara tana iya tsaga injin kansa. Idan kuma ba ku taɓa buɗe kaskon mai ba, ku buɗe ku ɗaure notin famfon mai da waya, saboda a injinan E36 nau'in M50 da M52 yana iya kwancewa, mai ya daina hawa nan take.

Kafin ku kashe ko kwabo a kan inji ko shokozoba, ku rubuta wa masu shirya gasar su yanke wa motar sabuwar daraja, ku adana rasit, don alƙalai suna rage wa wanda ya wuce iyakar dala 500 zagaye tun kafin a tashi. Ku duba ranar ƙarewar bel ɗin direba da awon tukunyar kashe gobara tun yanzu, domin odarsu takan ɗauki kwanaki. Idan ka gaya mini shekarar motar da injin da ke cikinta, zan turo maka shafin littafinmu na awoyi ka kwatanta.